TAFIYATA ƘASAR WARJI: NEMAN MAGANAR KAKATA

 A wannan fitowar ba labarin soyayya na kawo muku ba, ko da yake in kun yi haƙuri kun bi ni har ƙarshe za ku ga akwai ta a ciki. Labarin wata tafiya ce da na yi da kakar shekarar 2023, daga garinmu Birnin Kudu zuwa wani ɗan ƙauye da ke gindin dutse a ƙaramar hukumar Warji ta Jihar Bauchi. Tafiyar ba ta kai ta wuni guda ba, amma sai da na shekara 22 a duniya ban taɓa sanin ina da dangi a can ba.

Bari in fara muku daga tushe. Kakata wadda ta haifi mahaifina, Iya muke ce mata. Tun da na yi wayo Hausa na ji tana yi, Hausa tsantsa, har da karin maganar da mu 'yan boko sai mun tsaya mun yi tunani kafin mu gane. Ni kuwa ba ta kirana da komai sai "kishiya", don wai na zo in ƙwace mata miji. A ɗakinta nake kwana, ita ke yi mini kitso, ita ke ɓoye mini ƙanzo. To ana saura wata huɗu bikina, ranar wata Talata da asuba, sai Iya ta faɗi a bakin randa. Aka kwashe ta sai asibiti, likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki na dama. Bayan kwana tara aka sallamo mu. Rai dai ya yi halinsa, amma da Iya ta buɗe baki sai muka ji wata irin magana wadda ba wanda ya taɓa jin ta a gidanmu. Hausar nan kaf ta tafi, sai ka ce an share allo.

Nan fa gida ya ruɗe. Wasu suka ce ruɗewar tsufa ce, wasu suka ce iska ce, har aka ɗauko mai ruƙiyya. Ni dai abin da ya tsaya mini a rai shi ne wata kalma guda da take maimaitawa, musamman in magariba ta kawo kai. Sai ta kama hannuna da hannunta mai lafiyar, ta dube ni, ta faɗe ta, ta sake faɗa. In kawo ruwa ta kau da kai, in kawo kunu ta kau da kai, in gyara mata filo ta rufe ido sai hawaye. Wallahi 'yan'uwa, ba abin da ya kai wannan ciwo: wanda kike so yana roƙon ki abu, ke kuwa kin kasa sanin mene ne.

Da muka koma ganin likita ne ya warware mana rabin matsalar. Ya ce irin wannan ciwon yakan sa mutum ya manta harshen da ya koya daga baya, ya koma wa wanda ya sha a nono. Ya dubi Baba ya ce, "Alhaji, Hajiya da wane yare ta tashi?" Baba ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Bawarjiya ce." Ranar na fara jin haka. Ashe kakanmu, Allah ya ji ƙansa, fataucin gyaɗa ne ya kai shi ƙasar Warji yana saurayi, ya gan ta, ya auro ta. Da ta zo sai kishiyoyi da matan unguwa suka sa ta gaba da dariya in ta yi gwaranci. Ita kuwa ta yi zuciya, ta koyi Hausa har ta fi su, ta kulle nata yaren a ciki fiye da shekara 60, ba ta koya wa ko ɗaya daga cikin 'ya'yanta bakwai ba.

Abin kunyar da zan faɗa muku, kuma da ni a ciki, shi ne ranar da dangin angon nawa suka zo duba Iya. Umma ta ce in ja ƙofar ɗakin a ce tana barci, kada su ji, a je a ce za su auri jikar ƙabila. Na tashi na ja ƙofar da hannuna. Daren nan ban runtsa ba. Da gari ya waye na ɗauki wayata na naɗi muryar Iya, na sami ƙanin Baba na ce, "Baffa, don girman Allah ka kai ni garin su Iya." Ya yi shiru, sa'an nan ya ce rabonsa da can tun yana ɗan shekara goma, amma in sha Allahu ba zai ɓata ba.

Ranar Asabar da sassafe muka hau mota. Duk wadda ta san Birnin Kudu ta san garin duwatsu ne, manya-manya, wani kan wani kamar an jera su da hannu. A cikinsu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da can can suka zana hotunan shanu a jikin kogo, shanun da ba su da tozo irin namu na yanzu. Wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, shi ya bayyana wa duniya su a shekarun 1950, kuma yau suna cikin kayan tarihin da gwamnatin tarayya ke karewa. Akwai kuma duwatsun kiɗa, waɗanda in kin buga da ƙaramin dutse sai su yi amo kamar ƙarfe. Tsofaffi sun ce a da amare kan je can da ƙawayensu kafin a kai su ɗaki. Sau nawa aka kai mu daga makaranta muka gani! Amma sai ranar nan, ina leƙen su ta tagar mota, na tambayi kaina: su waɗanda suka yi zanen nan, da wane harshe suke hira? Ba mai iya gaya miki. Hannunsu ya bar shaida, bakinsu bai bari ba.

A kwanar Babaldu muka bar hanyar Ningi muka ɗauki ta Gwaram. Kaka ta yi, ko'ina sai dawa ta sunkuyar da kai, an kafa bukkokin riɗi a gonaki, mata na ta roron gyaɗa. A Gwaram muka sauka muka sha fura, muka canja mota. Ba mu yi wata doguwar tafiya ba direba ya ce ai mun bar Jigawa mun shiga Bauchi. Na duba dama na duba hagu, ban ga abin da ya canja ba, gona ɗaya, dawa ɗaya. Baffa ya yi dariya ya ce, "Ke da aka haifa jiya! Mu da muka tashi ɓangarenmu duk Jihar Kano ne, sai a 1991 aka yanke mana Jigawa. Iyaka ta gwamnati ce, dangi ba su san ta ba." Gaskiyarsa kuwa, don ko a ƙasar Birnin Kudu akwai Warjawa da ke zaune tun kaka da kakanni.

Wajen hantsi muka iso Katanga, wadda aka fi sani da Katangar Warji, nan ce hedikwatar ƙaramar hukumar. Warji ɗaya ce daga ƙananan hukumomi 20 na Jihar Bauchi, kuma a ƙidayar 2006 mutanenta sun haura 114,000. Akwai garuruwa irin su Baima da Dagu da Gabanga da Tiyin da Ranga a ƙarƙashinta. Lokacin da muka je tana cikin masarautar Ningi. A 2025 ne gwamnatin Bauchi ta ƙirƙiri sababbin masarautu 13, Warji ta samu tata. Gari ne madaidaici, ga sakatariya, ga masallatai, ga coci, don Warjawa akwai Musulmi akwai Kirista. Ni kuwa da na sauka sai na baza kunne ina jira in ji maganar Iya. Ina! Mai shayi Hausa, 'yan acaɓa Hausa, yara masu tallar gyaɗa Hausa. Allunan da ke bakin hanya kuwa Turanci da Hausa. Gabana ya faɗi, na ce a raina ko dai mun yi zuwan banza ne?

Sai can a gindin wata bishiyar ɗorawa na hangi tsofaffi mata biyu suna sayar da daddawa, suna hira ƙasa-ƙasa. Na matsa kamar mai ciniki. Ai kuwa sai na ji ta! Irin sautin nan na Iya, wanda iska ke fita ta gefen harshe, wanda duk haruffan bokon da aka koya mana babu nasa. Tsigar jikina ta tashi. Na durƙusa na gaishe su da Hausa, suka amsa da Hausa, Baffa ya faɗi sunan ƙauyen da sunan gidan, ɗayar ta nuna wani dutse da haɓarta ta ce, "Ku je can, kowa ya san gidan."

Acaɓa biyu muka ɗauka. Hanya ta zama 'yar siririya, ta ratsa gonaki, ta tsallaka rafi, duwatsu suna ta matsowa har suka tsaya a kanmu. Ƙauyen bai fi gida 40 ba, ya kwanta a gindin dutsen kamar jariri a cinyar uwa. Ɗakunan ƙasa, wasu da jinka wasu da kwano, rumbuna a tsakar gida, awaki na hawa dutse kamar ba sa tsoron faɗowa. Aka yi mana iso wurin mai unguwa, daga nan aka raka mu gidan. Da Baffa ya faɗi ko shi ɗan wane ne, sai gida ya kaure da guɗa. Kafin ka ce kwabo an shimfiɗa tabarma, an kawo ruwa a ƙwarya, an kama kaza. Aka fito da wata tsohuwa tana dogara sanda, ina ganin ta na miƙe tsaye ban sani ba. Iya ce sak, har tsagar da ke gefen fuska. Ƙanwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu.

Hausarta ba ta da yawa, don haka wani jikan gidan, malamin firamare ne, ya zauna yana yi mana tafinta. Bayan an gama gaishe-gaishe da koke-koke na ciro waya na kunna. Muryar Iya ta fito, gida ya yi tsit. Tsohuwar nan ta karɓi wayar da hannu biyu ta kanga a kunne. Da aka zo kan kalmar nan sai ta saki sandarta, ta dafe ƙirji, ta yi wata magana da ƙarfi, matan gidan duk suka sa kuka. Na ce, "Malam, don Allah me take nema? Wata uku ke nan muna kawo mata abin da ba shi ba." Malam ya share ido ya ce, "'Yar'uwa, ba wani abu take nema ba. Sunanta ne. Sunan da mahaifiyarsu ta sa mata. Cewa take ku kira ta da shi."

Allah Sarki! Da ta zo Birnin Kudu amarya aka ce mata, ta haihu aka koma kiran ta da sunan ɗanta, ta yi jikoki ta zama Iya, ta je Makka ta zama Hajiya. Sunan yanka ma wani aka sa mata da za a ɗaura aure. Wancan na farkon, wanda uwarta ke ƙwala mata in magariba ta yi tana kan dutse da awaki, ba wanda ya sake furta shi. Ku yi mini afuwa ba zan rubuta shi a nan ba, sunan kaka ne, kuma ko na so haruffanmu ba za su ɗauke shi daidai ba.

Da la'asar sakaliya Malam ya ce in zo ya nuna mini inda su Iya suka tashi. Muka hau dutsen, ina haki ina riƙe zane, yaran gidan suna tsalle a gabana suna yi mini dariya. A can sama akwai fili, ga da'irar duwatsu inda ɗakuna da rumbuna suka taɓa tsayawa, ga ramukan niƙa sun yi sulɓi a jikin fā, ga fasassun tukwane birjik. Malam ya ce nan ne tsohon garin. A zamanin yaƙe-yaƙe da kamun bayi dutse shi ne ganuwar talaka: ana noma a ƙasa, a kwana a sama. Ya ba ni labarin malaman Tsakuwa ta ƙasar Kano, waɗanda Malam Hamza ya jagoranta suka yi ƙaura zuwa duwatsun nan wajen 1846 saboda rikicin haraji, suka haɗa kai da mutanen dutse, daga nan sarautar Ningi ta samo asali. Shekaru da dama ana gwabzawa tsakaninsu da Kano, musamman zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, kuma ƙasashen Birnin Kudu da Gwaram na cikin waɗanda suka ɗanɗana. Sai bayan zuwan Turawa a 1902 ƙura ta lafa, mutane suka riƙa saukowa sannu a hankali. Ya ce, "Kin ga, dutse ya tsare mana yare shekara da shekaru. Da muka sauko muka sami kasuwa da makaranta da hanya, alhamdu lillahi, amma yaren ne bai sauko da ƙarfinsa ba."

Na tambaye shi yadda suke kiran yaren, ya ce Hausawa ke cewa Warjanci, su Sirzakwai suke cewa. Abin da ya fi ba ni mamaki, ashe ɗan'uwan Hausa ne! Masana sun sa su a gida ɗaya, dangin harsunan Cadi, tare da maƙwabtansa irin su Miyanci da Fa'anci da Siranci da Kariyanci. Ya ƙirga mini ɗaya zuwa biyar, da ya zo kan huɗu na ji ta kusa da tamu, kamar yadda wasu ke cewa fuɗu. Neil Skinner, mai ƙamusun nan na Turanci da Hausa, ya yi rubutu a kan waɗannan harsuna a 1977, shi kuma Russell Schuh, wanda Hausawa suka sa wa Malam Takalmi, ya wallafa littafi guda a kan nahawun Miyanci a 1998. Kun ji fa, mutane sun taso daga Amurka don abin da ni na ja wa ƙofa.

Da muka sauko na lura da wani abu a tsakar gida. Tsohuwa ta yi wa jikarta magana da yare, yarinyar ta ji sarai, amma ta mayar da Hausa. Malam ya ce haka abin yake a gidaje da yawa: kaka na yi, uwa na ji, jika sai gaisuwa. A aji ma da Hausa da Turanci yake koyarwa, don babu littattafan yaren a hannunsa. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince a koyar da 'yan firamare da harshen uwa, a 2025 kuma aka janye tsarin. Ya ce, "Amma ni ban ɗora wa gwamnati duka ba. Yare a bakin murhu yake rayuwa. Ranar da uwa ta ji kunyar yi wa ɗanta, ranar ya fara ciwon ajali." Ya tuna mini da Auyo da Shira da Tashena, nan kusa da mu, waɗanda a da kowannensu ke da harshensa, yau babu mai yin ko ɗaya.

Bayan na dawo na yi ta karance-karance, har na ci karo da labarin wasu mutanen dutse a arewacin Italiya, masu wani yare da ake kira Ladin. Duka-duka ba su wuce 30,000 da 'yan kai ba, Warjawa sun fi su yawa. Amma a wasu kwaruruwansu ana koyar da yaren a makaranta, ana aiki da shi a ofishin ƙaramar hukuma, allunan hanya da harshe uku ake rubuta su, nasu da Jamusanci da Italiyanci, suna kuma da jaridarsu ta mako-mako. Sun iya manyan harsunan, ba su yar da ƙaramin ba. Ashe ba dole sai an kashe wani kafin wani ya rayu ba.

Kwana biyu muka yi. Ranar Litinin muka juyo, kuma ba mu kaɗai ba, da Iya Ƙarama a gidan gaba, ta ƙanƙame ƙullin daddawa da garin dawar da ta ce na 'yar'uwarta ne. Mun shiga gida ana kiran magariba. Ba ta jira an yi mata iso ba, daga bakin ƙofa ta ɗaga murya ta kira sunan nan. Iya da ta wata uku ba ta juya wuya da kanta ba, sai ga shi ta juyo, ta amsa. Abin da suka faɗa wa juna a daren nan su kaɗai suka sani, mu dai muna bakin ƙofa muna kuka, har da Baba. Umma ce ta fara share hawaye ta je ta ɗora tukunya.

Washegari da angon nawa ya zo zance na gaya masa komai, har da jan ƙofar. Na ce in dangin nasa na ganin aibu ne, gara a sani tun yanzu. Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Tashi ki raka ni in gaishe ta, ki koya mini yadda ake cewa sannu." Ba zan yi muku ƙarya ba, akwai gwaggonsa da har yau takan yi mini habaici. Na bar ta da halinta. An yi biki, Warjawa sun zo mota guda, kuma ni da kaina na riƙa nuna su ina cewa dangin Babana ne. Iya ta rasu bayan bikin da wata biyar, Allah ya ji ƙanta ya sa Aljanna ce makomarta. A watannin nan kullum na je gida sai na durƙusa kusa da kunnenta na kira ta da sunan, da gurguwar furtawata, ita kuwa ta yi murmushi da rabin bakinta, don ta san kishiya ba ta iya ba.

To 'yan'uwana, na san a cikinku akwai jikokin Fulani da Barebari da Badawa da Gwarawa da Zabarmawa da Buzaye da sauransu, waɗanda Hausa ta rungume mu duka, kuma muna alfahari da ita. Amma in kina da tsohuwa a gida mai wani harshe, kada ki bari sai ta kwanta. Yau ɗin nan in kin taso daga makaranta ki je ki zauna kusa da ita, ki tambaye ta garinsu, ki tambaye ta yadda ake gaisuwa, ki sa ta yi miki tatsuniya ki naɗa a waya. Kada ki manta ki tambaye ta sunan da uwarta ke kiran ta da shi. Ni littafina na makaranta da na koma rubuta kalmomi a ciki ya kai shafi 11, kuma da kaka mai zuwa in Allah ya kai mu zan koma, wannan karon da 'yata a baya.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba. Taku har kullum, mai ƙaunarku daga Birnin Kudu.